Keken ɗinkin da na sayar saboda kunyar cewa babu

Jiya na tarar da ɗan ƙanwata, wanda ke koyon ɗinki a shagona a Agege, yana neman bashi ta waya, irin bashin nan da za a ba ka yau, jibi a kira duk mutanen da ke cikin wayarka a ce kai ɓarawo ne. Na ce, "Kai, me za ka yi da shi?" Ya ce, "Kawu, Umma ce ta kira, ba zan iya ce mata babu ba." Idonsa jawur saboda rashin barci. Da irin wannan idon na yi azumin 2020.

Ƙarshen Fabrairun shekarar aka samu mai korona na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya, a nan Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle gari, wai mako biyu, aka yi ta ƙari har 4 ga Mayu kafin a sassauta. Tela da ɗinkin salla yake cin shekara, ga shi babu biki, babu suna, babu zuwa Idi. Da dare mu fito bakin layi da sanduna muna ƙona taya saboda tsoron gungun 'yan fashin nan da ake kira One Million Boys. Da rana in kwanta da waya ina karanta labarin dattawan da ke ta rasuwa a Kano, hanya kuma a rufe, ko mutum ya so tafiya babu hali.

Duk wannan ban gaya wa kowa halin da nake ciki ba. In Inna ta kira, sai in ce lafiya lau, aiki sai godiya. Barci ya ƙaurace mini, na koma sayen ƙwayar barci a kemis ba tare da ganin likita ba, da safe in tashi kai kamar dutse, in yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da salla ta matso na sayar da babban kekena, na aika kuɗin gida.

To amma wa zan gaya wa? Ni ne babba. Mutanen gida gani suke a Ikko kuɗi a titi ake tsinta. Kuma har yau ina ganin ɗan da ya bar uwarsa ta yi salla hannu wofi bai kyauta ba. Sai dai da na je gida daga baya, Inna ta ji labarin keken, ta ce, "Da ka faɗa, ai gero na nan a rumbu, mu ne za mu aiko maka." Na daɗe ina ɗinki da keken haya.

Na so in rubuta muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Minti ɗaya kun gaji, kun koma TikTok.

Ka gaya wa gida gaskiya. Ba duka ba, in tsohuwa na da hawan jini. Nemi yayanka ko kawunka ka sauke masa. Kada ka taɓa jari ko kayan sana'a don ka rufe bakin mutane. Ka kashe wayar nan bayan Isha'i, labarin annoba ba ya ƙarewa, kuma rabinsa ƙarya ce. Ko da yake ita wayar ce kaɗai ta haɗa mu da 'yan uwa a lokacin, don haka kira za ka yi, ka ji murya, ba kallon bidiyo ba har asuba kamar yadda kuka saba.

In kuma barci ya ƙi zuwa kwana da kwanaki, asibiti za ka je. Mai kemis kasuwa yake yi, ba zai taɓa ce maka ya isa haka ba.