Gwamnatin Haɗaka da Gyaran Tattalin Arziki: Daga Ɓalewa Zuwa Yau

Duk lokacin da na bi ta gefen kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, nakan tuna cewa gwamnatin da ya jagoranta bayan zaɓen 1959 ta haɗaka ce tsakanin jam'iyyar NPC ta Arewa da jam'iyyar NCNC mai ƙarfi a Gabas, kuma baitulmalin ƙasa yana hannun Festus Okotie-Eboh na NCNC. A zamaninta aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, wanda ya haifar da madatsar ruwan Kainji. Amma masana'antar ƙarfe da shirin ya tanada ta maƙale, domin kowane yanki ya kafe cewa a ƙasarsa za a gina ta, har sojoji suka kifar da gwamnatin a 1966 ba a aza tubali ba.

A ganina, nan ne raunin haɗaka yake: duk gyaran da zai sa wani ɓangare ya yi asara yakan tsaya cik, tunda kowace jam'iyya tana tsoron masu zaɓenta. Sai dai wannan jan ƙafa ba kullum yake zama illa ba. A Afirka ta Kudu, bayan jam'iyya mai mulki ANC ta rasa rinjaye a 2024 ta kafa gwamnati da babbar jam'iyyar adawa DA da wasu jam'iyyu, ministan kuɗi ya nemi ƙara harajin kayayyaki a 2025, abokan haɗakar suka ƙi, aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi, daga ƙarshe aka janye ƙarin gaba ɗaya. Gwamnati ta rasa kuɗin shiga, talaka kuwa ya samu sa'ida.

Mu a nan, ranar 29 ga Mayu 2023, da jimla ɗaya a jawabin rantsuwar Shugaba Bola Tinubu aka cire tallafin man fetur, babu abokin mulkin da zai ce a dakata a fara tanadin abin da zai rage raɗaɗi. Cikin 'yan kwanaki farashin mai ya ninka fiye da sau biyu, kuma duk mai cefane a kasuwar Muda Lawal ya ji a jikinsa. Ban ce cire tallafin kuskure ne ba, domin ya daɗe yana cinye dukiyar ƙasa, amma da sai an nemi amincewar wata jam'iyya tukuna, ina kyautata zaton da sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai jira har Yulin 2024 ba.