Faifan da ke tona asirin mai shago

Sana'ata ita ce sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho da gyaran na'urorin da ke juya su. Yawancin kayana daga Japan nake odarsu, domin Japanawa sun iya adana faifai. Sai ka ga na shekara 40 da bangonsa lafiya lau, har da siririyar takardar nan ta gefe da suke kira obi. In babu ita, kuɗin faifan ya ragu, ko da sautinsa bai canja ba.

Matasan da ke nemana galibi faya-fayan ƙungiyar kiɗan Japan mai suna Casiopea suke tambaya, musamman Mint Jams na 1982, saboda sun ji shi a YouTube. Kiɗa ne mai zafi, ganga da jita suna rige-rige, kuma ba ya kwana a shago. Amma wanda nake ji da shi a raina shi ne na ƙungiyar Ain Soph, A Story of Mysterious Forest, wanda ya fito a 1980 ƙarƙashin Nexus, reshen kamfanin King Records. Babu mai rera waƙa a ciki. Jitar Yozox Yamamoto ce da fiyano suke tafiya a hankali, jaz ya haɗu da rok irin na 'yan Ingila na shekarun 1970, wanda ba ya gaggawar ƙarewa. Duk wanda ya saba da ƙungiyar Camel ta Ingila zai ji ƙamshinta a nan.

Irin wannan faifan ne ke nuna ko mai shago ya san aikinsa. Kiɗa mai ƙarfi yana rufe ƙas-ƙas ɗin datti. Mai sanyi kuwa, da zarar kayan kiɗa sun lafa, ƙwayar ƙura ɗaya a cikin layin faifan sai ta fito fili. Shi ya sa ba na sayar da shi sai na wanke shi da tataccen ruwa, na bar shi ya bushe a tsaye, na sauya masa rigar ciki, sannan na zauna na saurari fuska biyun daga farko har ƙarshe. Da hunturu aikin yakan ninka, don ƙura ba ta barin komai. Zafi kuma ya fi ƙura ɓarna: faifan da aka bari a mota da rana, lanƙwashewa yake yi, kuma da wuya ya koma daidai.

Akwai abin da nake nanata wa duk wanda ya sayi na'ura 'yar Japan. Wutarsu bolt 100 ce, tamu 230. Kada ka jona ta kai tsaye sai da taransifoma mai rage wuta. Allurar da ke karanta faifai ma a duba ta, domin wadda ta cinye goge layin faifai take yi a hankali.

Ribar ba ta da yawa, kuɗin jirgi da na kwastan suna cin kaso babba. Idan mai saye ya ce zai ɗora Ain Soph a kan tsohuwar allura, nakan roƙe shi ya fara sayen sabuwa, ko da hakan zai sa cinikin faifan ya jira wani watan.