Kafin ka buɗe PubMed, gyara tambayarka

Ɗaliban likitanci da na jinya da ke aikin koyo a asibitocin Tahoua sukan yi tambaya irin wannan: "Malam, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani ga yaro mai tamowa?" Tambayar ba ta amsuwa a haka. Wane yaro? Wane magani? Amfani ta wace fuska? In ka zuba ta haka a PubMed, taskar takardun binciken likitanci da ke intanet, dubban takardu za su fito, ka raba dare kana karatu ba ka gane wadda ta shafi yaron da ke gabanka ba.

Tambayar asibiti iri biyu ce. Akwai ta sanin tushe, kamar me ke kawo kumburin ƙafa a tamowa. Wannan littafin karatu ya ishe ta. Akwai kuma ta yanke shawara a kan majinyaci, ita ce Richardson da abokan aikinsa suka shimfiɗa wa tsari a 1995, wanda aka sani da PICO. Gaɓoɓinsa huɗu: majinyacin, abin da kake son yi masa, abin da za ka kwatanta da shi, da sakamakon da kake nema. Wasu kan ƙara tsawon lokaci.

Gaɓar farko ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. "Yaro mai tamowa" bai isa ba. Rubuta watanninsa, awon damtsensa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ci gwajin cin Plumpy'Nut (abincin gyaɗa na maganin tamowa), ko a CRENAS (wurin kula da tamowa ba tare da kwantarwa ba) ake bin sa yana komawa gida, ko an kwantar da shi a CRENI (sashen tamowa na asibiti). Sai tambayar ta koma haka: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59 mai tamowa mai tsanani, damtse ƙasa da milimita 115, ba kumburi, ba wata cuta da ta haɗu, shin maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin na kwana 7, in an kwatanta da rashin ba shi, yana ƙara yawan masu warkewa?

Ga dalilin wannan ƙwaƙƙwafi. A 2013 an buga wani bincike daga Malawi wanda ya nuna amfanin maganin ƙarara: mace-mace kashi 4.8 cikin ɗari a yaran da suka sha amoxicillin, kashi 7.4 a waɗanda suka sha abin da ba magani a cikinsa. A 2016 kuma aka buga wanda aka yi a nan gida, a Madarunfa ta jihar Maraɗi, a kan yara kusan 2,400. Warkewa ta tashi kashi 65.9 a masu shan amoxicillin, kashi 62.7 a sauran, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Wanda bai tsara tambayarsa ba zai ce binciken biyu sun ci karo da juna. Wanda ya tsara zai koma ya duba su wane ne yaran. Na Malawi mafi yawansu masu kumburi ne, kuma ƙanjamau ta yawaita a cikinsu. Na Madarunfa masu ramewa ne, irin waɗanda suka cika layin CRENAS a Tahoua lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Na biyun ya fi kama da yaronka.

Amma kada a yi gaggawa, domin gaɓa ta huɗu, wato sakamakon da kake nema, tana nan. A wannan binciken na Madarunfa, yaran da aka mayar asibiti aka kwantar sun kai kashi 26.4 a masu shan maganin, kashi 30.7 a sauran. Wato in warkewa kawai ka tambaya, amsar ita ce ba wani bambanci. In kwantarwa ka tambaya, akwai. Ga uwar da za ta bar gona da sauran ƴaƴa ta tare a CRENI, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ake rubuta sakamakon da ake nema kafin a fara bincike, ba bayan an ga lambobin da suka yi wa mutum daɗi ba. Kuma har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba waɗannan yara amoxicillin. Takarda ɗaya da ka karanta ba ta ba ka izinin ajiye ƙa'idar ƙasa kai kaɗai ba.

Wani tarkon shi ne zaɓen sakamako mai sauƙin aunawa a maimakon wanda ya dami majinyaci. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saurin ɓacewar ƙwayar cuta daga jini abin lura ne, amma abin da iyaye ke tambaya shi ne ko yaron zai rayu. Binciken AQUAMAT na 2010 mutuwa ya auna, a yara 5,425 cikin ƙasashen Afirka 9: kashi 8.5 da artesunate, kashi 10.9 da kinin.

Gaɓar kwatanci ba ta da wahala. Sa abin da ke cikin farmasinku da gaske. Ba riba a kwatanta da maganin da bai taɓa isowa Yamai ba, balle Abalak.

Nau'in tambayar ne ke faɗa maka irin binciken da za ka nema. Ta magani tana son gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a. Ta hasashen yadda ciwo zai kaya tana son wanda aka bi mutane tsawon lokaci. Ta gwajin gano cuta tana son wanda aka yi wa majinyata ɗaya gwaji biyu, misali TDR, wato gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, da duban jini a madubin likita. A nan ma bayanin majinyaci ke da muhimmanci, don TDR mai neman HRP2, wani sinadarin da ƙwayar cutar ke fitarwa, yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, saboda haka yaron da ya sha magani kwana 10 da suka wuce tambayarsa daban ce.

Wajen nema, kada ka zuba gaɓoɓin huɗu gaba ɗaya, za su tsuke maka sakamakon har ya ɓace. Fara da majinyaci da magani, ka haɗa su da AND, kalmomi masu ma'ana ɗaya kuma da OR. Rubuta da Ingilishi, ko da kuwa da Faransanci ka yi karatu, don da Ingilishi PubMed ke aiki. Duba taskar Cochrane da farko ko an riga an tattara binciken wuri guda. In takardar a kulle take sai an biya, tambayi mai kula da laburaren asibiti ko na jami'a ko an yi rajistar Hinari, shirin karanta takardun binciken lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, wanda cibiyoyin lafiya na Nijar ke iya shiga kyauta.