Laraba a Jidda, musu kan Dune

Zafi yau ba a magana. Na kai Umma awon suga da safe, lafiya lau alhamdulillah, muka biya Bab Makka cefane, dabino ya ƙara kuɗi.

Bayan isha'i Sadiƙ ya dawo min da littafina na Dune, labarin ƙirƙira kan wata duniyar hamada da jaruminta Paul, bango duk ya lanƙwashe, bakinsa har kunne wai "Kawu wallahi Paul ɗin nan namijin duniya ne, shi kaɗai ya ƙwato wa mutanen hamada ƙasarsu." Na ce yaro je ka karanta na biyun, Dune Messiah na 1969, ka ga yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rayuka biliyan 61, shi kansa Paul ya kasa taka wa mabiyansa birki. Marubucin, Frank Herbert, da ya fitar da na farkon a 1965 gargaɗi yake kan mutane su miƙa wa mutum ɗaya hankalinsu don ya iya magana kuma ya zo lokacin da suke cikin ƙunci. Batun spice kuwa, sinadarin mai tsada da ake rikici a kansa a littafin, wanda ke zaune a ƙasar Aramco mai man fetur baya buƙatar bayani, arziki a ƙarƙashin rairayi, manya daga nesa suna kokawa a kai, masu ƙasa suna lissafin ɗigon ruwa.

Ashe Baffa da muka ɗauka gyangyaɗi yake yana jinmu. Ya ce "Mahadi na ji kuna cewa?" Sadiƙ ya ce eh Baffa, haka Fremen, mutanen hamadar, ke kiran Paul. Sai ya gyara zama ya ɗauko zancen Burmi, 1903, yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'a har suka zauna kusa da Sennar a Sudan, kakanmu kuma ya wuce ta tashar ruwa ta Sawakin ya tsallako nan. A ƙafa fa, da goyo da tsofaffi, sun yarda zamani ya zo ƙarshe.

Abin da ya hana ni barci kenan. A littafin, matan ƙungiyar asiri ta Bene Gesserit ne suka shuka wa Fremen labarin mai ceto tun da daɗewa don ya yi musu amfani wata rana, wato imanin talaka tarko ne da wasu suka ɗana. Na yarda da gargaɗin Herbert ɗari bisa ɗari, muna ganin abin da janar-janar suka yi wa Sudan tun Afrilun 2023, dangin Umma na Omdurman har yau a warwatse suke. Amma mutanen Burmi ba wanda ya yaudare su, mulkin Nasara suka ƙi, kuma raina baya so a haɗa su da waɗanda aka ja da igiya.

Sadiƙ ya tafi da na biyun, na ce ya kula min da bango. Gobe mai gyaran AC ƙarfe 9.