Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Shekarar Da Gashi Ya Hana Gidanmu Sakat

Makon jiya na tsaya a inda Kawu Sale ya karɓe ni a shagonsa na aski da ke unguwar Karantina, nan Jidda, a farkon 2021. Aikina a lokacin shara ne da zubar da reza da fesa wa kujeru magani, domin tun bayan korona 'yan baladiyya, wato ma'aikatan hukumar birni, ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Shekaruna 17, kuma babban abin da ke hana ni barci shi ne gemu.

Kada ku yi dariya. Mun taso ne tare da 'ya'yan Yamalawa da na Pakistan, waɗanda tun suna 15 fuskarsu ta cika da gashi. Mu kuwa 'ya'yan Takari, ɗan tsiro a haɓa, ɗan tsiro kusa da kunne, tsakani fili fetal. Duk daren Alhamis samari na cika shagon, kowa na so a fitar masa da layin saje, Kawu ya dubi fuskar yaro ta madubi ya ce, "To ɗana, ina sajen da zan fitar?"

A shekarar ce minoksidil, wani maganin tsirar da gashi, ya shiga bakin samarin unguwa, daga YouTube. Abokina Nasiru, wanda ya girme ni da shekara ɗaya, ya tara kuɗin dakonsa ya sayo kwalbarsa mai suna Regaine, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, yana shafawa a kumatu safe da dare. Ba za a ce bai ga komai ba. Gashi ya fito, sirara, har inda ba a gayyace shi ba, can saman kumatu kusa da ido. Fatarsa ta riƙa saɓa tana ƙaiƙayi, wata rana kuma ya ce mini zuciyarsa na bugawa da sauri idan ya kwanta. Ni ma na je saidaliyya, wato kantin magani, neman tawa kwalbar, sai mai maganin, wani dattijo Bamisre, ya tambayi shekaruna ya mayar da ita kan kanta. Ya nuna mini inda aka rubuta a kwalin cewa ba na 'yan ƙasa da 18 ba ne, kuma don fatar kai aka yi shi. Ya ce asalinsa ƙwayar hawan jini ce mai buɗe hanyoyin jini, da aka ga masu shanta suna yin gashi sai aka mayar da shi na shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Na dawo ina cika ina batsewa. Kawu ya ce, "Ubanka sai da ya yi aure gemunsa ya haɗe. Gemu gado ne, ka jira rabonka."

Ana cikin haka abin Habu ya taso, wanda ya sa kowa ya manta da nawa.

Habu ƙanina ne, yana da shekara 13 lokacin. Ni na fara ganin wurin, ina riƙe da injin aski a ƙeyarsa: wani da'ira kamar an ɗora tsabar riyal an zana, sumul, babu gashi ko ɗaya, babu ƙurji, babu amosani. Shi bai ma san da shi ba. Kafin wata ya zagayo wani ya fito a saman kunnensa na dama. Yara a makaranta suka sa shi a gaba, ya koma ba ya cire hula ko a cikin ɗaki, yaron da a da sai an kore shi daga filin ƙwallo ya zama ɗan zaman gida.

Inna ta ce kambun baka ne. Goggon da ke maƙwabtaka da mu ta ce wannan ai sa'alaba ce, ciwon da ke zubar da gashi wuri-wuri, kowa ya san maganinta, tafarnuwa. Aka daka tafarnuwa aka goga masa a wurin da ƙarfi har fatar ta yi ja ta ɗure ruwa, yaro yana kuka ana ce masa zafin shi ne alamar magani na aiki. Aka bi da man habbatus-sauda, aka bi da garin magarya daga wurin mai kayan ƙamshi na Bab Makka. Ba na raina waɗannan abubuwa, a gidanmu da su aka rene mu, amma ƙona fatar yaro ba jinya ba ce.

Kawu ne ya tsaya kai da fata sai an kai shi wurin likitan fata. Da yake takardunmu lokacin suna da matsala, wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na kuɗi muka je. Allah ya sa likitan Basudane ne, da ya ji muna magana da Habu sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce shi ɗan Mai Wurno ne. Nan take Inna ta saki jiki, har da tambayarsa ko ya yi aure.

Ya daɗe yana duba kan da wani ɗan gilashi mai fitila. Ya ce abin da ya fara nema shi ne ko makero ne, domin shi ya fi kama yara, kuma ana ɗaukarsa a mataji da injin aski (a nan Kawu ya gyara zama). Makero yana zuwa da ɓarɓashi da karyayyen gashi da ƙaiƙayi, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha ƙwaya irin su girisofulbin na mako 6 zuwa 8. Na Habu ba shi ba ne. Goggo ta canki sunan ciwon, maganin ne ta kuskure. Ya bayyana wa Inna cewa sojojin jikin yaron ne, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, suka juya kan saiwar gashinsa. Saiwar ba ta mutu ba, kuma ba a ɗauka daga wani. Da yawa masu wuri ɗaya ko biyu gashinsu na dawowa da kansa cikin shekara, sai dai abin na iya sake dawowa. Ya sa aka ɗebi jini don duba ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da aikin maƙoƙo, ya ba da man kortizon mai ƙarfi da za a riƙa shafawa idan ƙunar tafarnuwar ta warke. Ya ce idan bai motsa ba akwai 'yan ƙananan allurai da ake yi a cikin fatar wurin, duk bayan mako 4 zuwa 6.

Ni kuwa da na ga fuska, sai na cusa tawa. Na ce, "Likita, abokina yana so ya ƙara da wata ƙwaya, finasteraid, wai gemu ya fi cika." Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce wannan ƙwayar ta sanƙon manya ce, an amince da ita a 1997 da sunan Propecia, aikinta rage wani sinadarin maza da ake kira DHT. Sinadarin nan shi ke cinye gashin gaban kai ga mai gadon sanƙo, kuma shi ɗin dai ke tsirar da gemu. Wato mai neman gemu ya sha ta, ya toshe rijiyar da yake ɗiba. Ga shi tana iya taɓa ƙarfin namiji, ba a ba yaron da bai gama girma ba, mace mai ciki ma ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ya ce gemun wasu yana ci gaba da cika har su doshi shekara 30. Da na faɗa masa bugun zuciyar Nasiru kuma, ya ce Nasiru ya dakata da shafawar ya zo a duba shi.

Inna ma ta sami nata a wannan zuwan. Tun bayan zazzaɓin korona gashinta ke zuba a mataji tana ɓoyewa. Likita ya ce haka jiki ke yi wata 2 zuwa 3 bayan zazzaɓi mai zafi ko haihuwa, kuma yana tsayawa da kansa. Bai rubuta mata komai ba, abin da bai yi mata daɗi ba sam, don a wurinta likitan da bai ba da magani ba ya ci kuɗi a banza.

Na ƙeyar Habu ya fara rufewa da man kaɗai. Gashin da ya fara fitowa fari ne fat, laushi, Inna ta tsorata wai yaro zai yi furfura, daga baya ya yi baƙi. Na saman kunnen ya yi taurin kai sai da aka yi allurai. Daga baya, a 2023, Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Litfulo ga 'yan shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ya cinye musu yawancin kai, amma Habu bai kai nan ba, alhamdu lillahi. Nasiru ya daina shafawa, siraran gashin da ke kusa da idonsa suka zube, sajen kuma ya ci gaba da tafiyarsa a hankali yadda ya ga dama.

Muna murnar Habu ya cire hula ya koma ƙwallo, a ƙarshen shekarar 2021, wata safiya muka zo buɗe shago muka tarar an rubuta "izala", wato rushewa da Larabci, da jan fenti a bangonmu da na duk layin. Rusau ya iso Karantina. Inda muka kwashe kujerun Kawu muka nufa, da yadda muka rabu da Nasiru, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.