Gidan Tarihin Kanta, Argungu

Jiya na shiga Gidan Tarihin Kanta, wallahi har yanzu hankalina na can. Fadar Sarkin Kabi ce fa har zuwa 1942, sai a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi, kuma akwai kaburburan sarakuna a ciki. Na daɗe tsaye gaban takubba da kwari da baka da tambura da layun yaƙi. Da irin waɗannan Kabawa suka yi shekaru suna kare ƙasarsu.

Abin da ya dame ni, sai lokacin bikin kamun kifi jama'a ke tunawa da gidan. Malaman makarantun Birnin Kebbi, don Allah ku kawo ɗalibanku, Argungu ba nisa.