Siririn layin Bodoni da Didot: yadda na hana shi ɓacewa a kwalin turare

Aikin kwalin turare ne, baƙi wuluk, da sunan kaya da ruwan zinare, sai ɗan littafin talla mai shafi 16. Na zaɓi salon haruffan da masana ke kira Didone, masu jiki kauri da layi siriri kamar gashi. Firmin Didot a Faris da Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya ne suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, kuma shi ne ake gani a goshin mujallun Vogue da Harper's Bazaar. Duk kwarjininsa yana cikin wannan siririn layin ne, shi ne kuma na farko da ke mutuwa a injin ɗab'i.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar salon da aka zana domin manyan kanu na ƙanƙance shi. Lissafin ba wuya: layin da ke da kaurin poyin 1 (poyin shi ne ma'aunin girman haruffa) a harafi mai girman poyin 96, idan ka dawo da shi girman 12 ya koma 0.125. Ni ba na yarda layi ya gaza poyin 0.25 a tawada ɗaya kan farar takarda, ko 0.5 idan fari ne cikin baƙi. A gwajin farko, harafin e ya rasa sandarsa ta tsakiya, ya koma kamar c. Maganin shi ne neman iyalin haruffa mai zane daban ga kowane girma. Didot ɗin da mai zanen haruffa Jonathan Hoefler ya zana wa Harper's Bazaar a 1991 yana da girma bakwai, daga 6 zuwa 96, kuma ƙananan sun fi kaurin layi. Bodoni Moda, wanda ake samu kyauta a Google Fonts, shi ma yana da zane daban ga kowane girma.

Farin rubutu cikin baƙi ya fi komai ba ni wahala. Baƙin kwalin haɗin tawada huɗu ne, kowace da farantin da ake buga ta da shi. Da faranti ɗaya ya goce ko da kaɗan, sai ja ko shuɗi ya leƙo cikin siririn layin ya cike shi. Na mayar da wurin ƙananan rubutu baƙar tawada zalla, na kuma ƙara wa haruffan zagaye na poyin 0.1 don tawadar da ke bazuwa ta sami abin ci. A takarda marar sheƙi bazuwar ta fi yawa, saboda takardar tana shan tawada.

Zinaren da ake bugawa da zafi kuwa matsalarsa biyu ce. Siririn layi ba ya kama zinaren, yana tsinkewa. Ƙananan ramukan haruffan a da e kuma suna toshewa. Na bar zinare ga sunan kaɗai, da manyan baƙaƙe, tsayin santimita 1.5, sauran bayani na mayar da shi tawada. Tambayi mai bugawa iyakar sirantar da farantinsa ke ɗauka tun kafin ka fara zane.

Sai abin da ya shafe mu musamman. Sunan turaren yana da ƙ, kuma yawancin waɗannan haruffa na alfarma ba su san da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Manhajar zane ba ta faɗa maka. Shiru za ta aro harafin daga wani salon, ka ga ƙ mai kaurin bai-ɗaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Yanzu kafin na sayi lasisi nakan rubuta Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ da ƙananansu a shafin gwaji. Idan babu, kuma tambari ne kawai, nakan mayar da haruffan zane, in ɗauko lanƙwasar saman f mai ɗigo a baki, in dasa ta kan sandar k bayan na cire siririn layin da ke kwance a saman sandar. Lanƙwasar dole ta sirance daidai da sauran layukan. A duba lasisi tukuna, don ba kowanne ya yarda a taɓa zanen ba.

Manyan baƙaƙe suna son sarari, don haka na buɗe tazararsu kaɗan, na gyara tsakanin A da W da hannu. Jikin rubutun littafin ban sa masa Didone ba ko kaɗan. Sakin layi cike da kauri da siriri yana ɗaukar ido kamar zanen atamfa mai ratsi, mai karatu ya gaji kafin layi na biyar.

A waya ma haka ne: layin da bai kai fiksel ɗaya ba, wato ɗigo mafi ƙanƙanta na fuskar waya, yana dusashewa, WhatsApp kuma ya matse hoton ya ƙarasa shi. Saboda haka na yi tambarin kashi biyu, siriri na kwali da allon talla, mai ɗan kauri na hoton shafi da lakabin gindin kwalba.